Fartanyar da Ke Bayan Ƙofar Ofishin Kawu

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa, rabin mutanen da suka tsaya a bakin kabari idonsu na kan gabas. Hadari ne ya haɗo tun da hantsi, ya tsaya can nesa, bai matso ba kuma bai watse ba. Liman yana addu'a, ana amsawa da amin, amma ina ganin wuyan mutane na juyawa a hankali. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, har na ji kamar in yi magana. Sai na tuna ni ma tun da muka fito daga gida nake satar kallon hadarin nan, na ja bakina na yi shiru.

Mu na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kawu wan mahaifiyata ne, kuma har ranar da ciwo ya kwantar da shi, shi ne shugaban wata kwalejin horar da malamai da ke nan ƙasarmu, tsakanin Funtua da Malumfashi. Ni ɗan ƙanwarsa ne, malamin firamare a wani ƙauye kusa da Danja, kuma ɗalibi a kwalejin tasa, duk da furfurar da ta riga ta fito mini a gemu. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, domin na ga yadda ake saurin manta mutum da zarar kujerarsa ta sami mai zama.

Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka fara zaman makoki. Malaman kwaleji suka zo a motar makaranta, suka jeru, suka ce an yi rashin uba. Wasu na san da zuciya ɗaya suka faɗa. Wasu kuma na san sun sha cewa a ɗakin malamai wai tsohon nan zai kashe makarantar da taurin kansa. Su ma na karɓi gaisuwarsu hannu biyu, don ranar ba ta tone-tone ba ce.

A cikin gida na tarar da mahaifiyata zaune da carbi, ba ta kuka. Ta dube ni ta ce, "Yaya ya tafi bai ga shuka ba." Hajiya, matar Kawu, ita ta amsa mata daga bakin ƙofa. Ta ce, "Har a gadon asibiti tambayarsa ke nan. Duk wanda ya shigo dubiya, kafin ya zauna zai ce masa, an yi ruwa a wajenku?"

Waɗanda suka fi yawa a ƙofar gidan kuwa, in ka gan su ba za ka ce 'yan kwaleji ba ne. Magidanta ne da suka zo a kan babura daga Danja da Mahuta da ƙauyukan Malumfashi, a cikin gida kuma ga mata da goyo. Su ne 'yan ajin manya, wato ajinmu. Wani dattijo mutumin Mahuta da muke zama benci ɗaya ya yi gaisuwa, aka shafa addu'a, amma bai tashi ba. Ya matso kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, Allah ya ba da haƙuri. To amma yanzu wa za ya tona mana ƙasa?"

Ni ma tambayar da ke cina ke nan tun daga maƙabarta. Ga halin da nake ciki. Da tsohuwar takardar koyarwa na kama aiki, an kuma daɗe ana gaya mana cewa duk wanda bai ƙaro karatu ya kawo babbar takarda ba za a sallame shi, wa'adin kuwa a bana zai cika. Jarrabawar da aka sa mana a mako mai zuwa ita ce ta ƙarshe, wanda ya rasa ta sai baɗi. Ga kuma gona, wadda ita ce ke ciyar da gidana, don albashi cefane kawai yake yi. Ranar shuka ba ka samun ɗan ƙwadago, kowa yana tasa gonar, wanda ya makara kuma masararsa ba ta kamo ta mutane. In ruwan shuka ya sauka a makon jarrabawa, dole in saki ɗaya, ko aikin ko abincin shekara. Da Kawu yana raye ba sai na zaɓa ba, kuma dalilin haka wata fartanya ce da ke jingine a bayan ƙofar ofishinsa.

Kafin ya zama shugaba, ajin manya suna kawai yake. Kalanda ɗaya ake bi da ta yaran da suka fito daga sakandare. Magidanta su yi rajista da rani, aji ya cika, damina na faɗuwa sai benci ba kowa. Malamai sun riga sun yanke hukunci cewa manya ba sa son karatu, satifiket kawai suke so. Kawu da ya hau, bai fara da kiran taro ba. Ya riƙa ɗaukar tsohuwar motarsa ranar Asabar yana bin waɗanda suka daina zuwa, wani a gona, wani a rumfar kasuwa, wata a bakin injin niƙa. Tambayarsa ɗaya ce: me ya hana ka dawowa? Sai da ya gaji da jin amsa iri ɗaya sannan ya tara malamai ya ce musu, "Mutanen nan ba gudu suka yi ba. Mu ne muke buɗe ƙofa a lokacin da ba sa iya zuwa, mu rufe ta a lokacin da suke iyawa."

Wani matashin malami da ya yi karatu a birni ya kawo shawarar a mayar da ajin na yamma, kamar yadda ake yi a can. Kawu ya dube shi ta saman gilashinsa ya ce, "Yaushe rabonka da bin hanyar ƙauye bayan la'asar?" Ba wanda ya ƙara ta da maganar, don kowa ya san yadda hanyoyinmu suka zama a 'yan shekarun nan, mutum yana son magariba ta same shi a gida.

Abin da ya yi shi ne ya juya shekarar ajin manya gaba ɗaya. Aka tattara yawancin karatun aka kai shi rani. Aka daina sa darasi a ranakun manyan kasuwanni. Ofishin rajista ya koma buɗewa ranar Asabar, abin da ma'aikatan wurin ba su yafe masa da wuri ba. Ya sa aka kafa rumfa a gindin darbejiya, da tabarmi da randa, don masu goyo. Malamai suka rasa wani ɓangare na hutunsu na rani, ya biya su da hutu a tsakiyar damina. Masu gona a cikinsu suka ga ribar abin, suka yi shiru. Marasa gona suka yi ta gunaguni, kuma ban ga laifinsu ba, don hutun da ya faɗo lokacin da 'ya'yanka ke makaranta rabin hutu ne. Ba duk abin da ya nema ya samu ba. Ya so a rage wa wanda ya daɗe yana koyarwa wasu darussa saboda shekarun da ya yi a aji, majalisar malamai ta ƙi, ya yi fushi na wani lokaci, ya haƙura.

Akwai abubuwan da ba mai koya maka su sai ka yi tuntuɓe da su. Dattijon nan na Mahuta, ranar farko da ya shiga aji, ya ɗaga kai ya ga malamin da ke tsaye a gaban allo mijin 'yarsa ne. Shi malamin alli ya faɗi daga hannunsa, ya rasa ko ya durƙusa ko ya ci gaba. Dattijo ya tattara littattafansa ya fita, bai sake dawowa ba. Da labari ya kai wa Kawu, bai kira kowa ya yi masa wa'azi a kan cewa ilmi ba ruwansa da kunya ba. Ya sauya wa malamin aji a cikin shiru, ya ce buƙatar aiki ce, sannan ya tafi Mahuta da kansa ya ce wa dattijo, "An yi mana canjin malamai, ka zo ka ga sabon." Da haka dattijo ya dawo. Tun daga nan, kafin a liƙa jadawalin darussa sai ya zauna da sunayen 'yan aji yana tambayar wa ke auren 'yar wa, wace ce uwar matar wa. Malamai suna yi masa dariya, suna cewa shugaba ya koma mai dalilin aure.

Ni kuwa bai taɓa raga mini ba. Shi ya matsa mini na koma karatu, ta hanyar mahaifiyata, don ya san ita ba na iya yi mata musu. A shekarar farko na faɗi darasi guda. Na wanke ƙafa na tafi gidansa, na zauna a zaure na yi ta kewaye-kewaye a kan yawan iyali da nisan hanya. Ya bar ni na gama sannan ya ce, "A nan zauren ni kawunka ne. A ofis ban san uwarka ba." Na tashi raina a ɓace, na yi rantsuwa a zuciyata ba zan sake taka gidan ba. Da kaka ina cikin gona ina karyar masara, sai ga motarsa tana tangaɗi a kan burtali. Ya fito da littafin darasin nan a hammata, ya zauna a kan tarin kara, ya ce in ci gaba da aikina. Ina karya yana jefo mini tambaya, in na kuskure ya ce, "Sake, Malam ƙarami." Haka ya yi ta zuwa har na kwashe amfanin gonar. Da na sake zama jarrabawar na ci, bai ce mini komai ba, sai dai mahaifiyata ta gaya mini ya je har ɗakinta ya ce mata ashe ɗan nata yana da kai.

Babban kuskurensa a shekarar farko ta wannan sabon tsari ya yi shi. Ya yi alkawarin cewa ran da aka yi ruwan farko za a rufe ajin manya kowa ya tafi shuka. Aka yi wani ruwa mai yawan iska da tsawa, ya fito ya sallami kowa. Ashe saman ƙasa kawai ya jiƙa. Waɗanda suka yi gaggawar shuka irinsu ya ƙone, sauran suka zauna a gida ba karatu ba noma. Da aka dawo aka fara jarrabawa, sai ga ruwa na gaskiya, aji ya watse. Ranar malamai sun sami abin faɗi. Kawu ya tsaya a gabansu ya ce, "Sama na kalla, alhali ƙasa ya kamata in duba. Ni na yi wannan, ba wani ba."

Washegari ya zo ofis da fartanya. Ya jingine ta a bayan ƙofa, kusa da akwatin fayil. Daga ranar, duk lokacin da aka yi ruwa a farkon damina sai ya naɗe hannun rigarsa ya fita bayan ofis, ya sara ƙasa ya zura hannu. In laima ta kai wuyan hannu, sai ya buga waya Danja da Mahuta da wajen Malumfashi ya ji yadda suka samu. In bakinsu ya zo ɗaya, a rufe ajin manya, ko da ana tsakiyar jarrabawa, a dawo bayan shuka ta fito a ƙarasa. In laimar ba ta kai ba, ya goge hannu ya ce, "A koma aji, wannan na wanke rufi ne." Baƙi in sun shigo ofis suka ga fartanya sukan ɗauka mai shara ne ya manta da ita.

Mutum ɗaya bai taɓa yarda da fartanyar nan ba, shi ne mataimakinsa. Ba maƙiyinsa ba ne. Tare suka yi makarantar horar da malamai tun suna samari, kuma duk Juma'a bayan masallaci a zauren Kawu yake shan fura. Mutum ne mai tsari, wanda in ya ce ƙarfe kaza to ƙarfe kaza ne, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma janye magana. Ina zauren ranar da suka yi rigimar da ta raba su, bara da bazara.

Mataimaki ne ya fara. Ya ajiye ludayi ya ce, "Malam, masu duba kwalejoji suna nan tafe. Za su tambaye ni ranar jarrabawa. In ce musu me? Sai yadda fartanya ta ce?"

Kawu ya ce, "Ka ce musu mutanenmu manoma ne."

"Sun sani. Ba shi za su rubuta ba. In suka janye amincewarsu daga ajin nan, takardar da za ka ba mutanen nan ba ta wuce a ƙunshe ƙosai da ita ba. Su za ka cuta, ba ni ba."

"Takardar da mutum bai zauna jarrabawarta ba fa, me ake ƙunshewa da ita?"

Sai mataimaki ya faɗi abin da ya fi zafi, don gaskiya ne. Ya ce, "Ka canza wannan, ka canza wancan, amma ba ka rubuta ko ɗaya a dokar makaranta ba. Duk abin yana kanka. Kai ne kalandar. Ran da ba ka nan, ba abin da zai tsaya, kuma ni ba zan riƙe makaranta da abin da ba a rubuce yake ba."

Kawu yana da baki, kuma in ransa ya ɓaci ba ya auna abin da zai fito. Ya ce, "To ka jira in mutu." Mataimaki ya tashi, ya sa takalmansa, ya yi mana sallama cikin ladabi. Daga ranar bai sake shan furar Juma'a a gidan ba. A ofis suna gaisawa, suna aiki, amma Hajiya ta ce ta daɗe tana dama fura ta mutum biyu, ana dawo mata da rabi. Ni da na ji maganar da kunnena, na san mataimaki yana da hujja. Kawu ya iya shawo kan mutum ɗaya ɗaya, amma zaman rubuta doka da kai ta gaban majalisa gundurarsa yake yi, kullum sai ya ce bayan damina.

To yanzu ga shi ya mutu, riƙon makaranta kuma ya koma hannun mataimaki. Shi ya sa 'yan ajinmu suka kasa barin ƙofar gidan. Mataimaki yana zuwa zaman makokin kullum, ya zauna a gefen tabarma da carbinsa, ya amsa gaisuwa, ba ya ƙara komai. Ba mai iya tunkararsa da maganar jarrabawa a wurin makoki, ba kuma mai iya tunanin wani abu in ba ita ba. A rana ta biyu wani ɗan ajinmu da ya biya ta kwaleji ya dawo da labarin da ya kashe mana jiki. Ya ce an buɗe ofishin shugaba ana gyara, ya leƙa, fartanya ba ta nan.

Labarin ya bi tabarma daga wannan kunne zuwa wancan. Wani ya ce tun gawar ba ta yi sanyi ba. Wani ya ce mu haɗu mu ƙi shiga jarrabawar, wani ya tuna masa cewa mu ne masu buƙatar takardar, ba makaranta ba. Dattijon Mahuta ya ce shi ya riga ya yanke shawara, in aka yi ruwa gona za shi, shekarun da ya yi yana zirga-zirga su tafi a banza. Ya faɗi haka yana murmushin ƙarfin hali. Ni ban iya yanke komai ba. Ina zaune ana yi mini gaisuwar kawuna, ina cewa Allah ya ba da lada, zuciyata kuwa tana can tana auna buhun irin da na ajiye da allon ajina. Na ji haushin mataimaki, na ji haushin hadari, har Kawu na ji haushinsa da ya tafi ya bar mu a hannun abin da bai rubuta ba.

Ranar sadakar uku, bayan azahar, hadarin da ya kwana biyu yana yi mana barazana ya taso. Iska ta fara ɗaga tabarmi, aka kwashe kwanukan gumba da sauri, mutane suka cusu a zaure da ƙarƙashin rumfa. Ruwa ya sauko da ƙarfi, indararo na zuba, ƙamshin ƙasa ya cika wurin. A kowace shekara wannan ƙamshin farin ciki yake sa ni, amma ban da ran nan. Ina tsaye a matse, kafaɗata na gogar ta mataimaki, ba wanda ya dubi wani.

Da ya ɗauke, a al'ada sai ka ji babura na tashi kowa ya nufi gida ya duba gona. Ba wanda ya motsa. Mutane suka fito suka tsaya cirko-cirko a cikin taɓo, kamar masu jiran a raba wani abu. Mataimaki ya fito daga zaure, ya ratsa ta tsakiyarmu ya nufi motarsa. Na ji wani a bayana ya ce, "Shi ke nan, tafiya zai yi." Amma bai buɗe ƙofar gaba ba, but ɗin baya ya buɗe. Ya sunkuya ya ɗauko fartanyar Kawu.

Ashe tun ranar jana'iza da ya ga hadari ya biya ofis ya saka ta a mota, don ya san a ƙofar gidan nan zai wuni, ba a kwaleji ba. Bai yi wa kowa wannan bayanin ba a lokacin, daga baya direban makaranta ya gaya mana. Ya dai zagaya bayan gida inda Kawu ke da ɗan fegin da yake shuka masara, mu kuma muka bi shi a baya ba tare da an ce mu zo ba. Ya cire babbar rigarsa ya miƙa mini. Ya naɗe hannu, ya sara ƙasa, kuma daga yadda ya riƙe ƙotar ka san shi ma a gona ya tashi. Ya durƙusa da farin wandonsa a cikin taɓo ya zura hannu, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya dubi dattijon Mahuta ya ce, "Baba, zo ka sa naka." Ya dube ni ya ce, "Kai ma, Malam."

Na durƙusa na zura hannu. Sama-sama akwai laima, amma yatsuna na wucewa na ji busasshiyar ƙasa mai ɗumi. Dattijo ya sa nasa, ya murza ƙasar a tafinsa, ya busa ta ta tashi. Ya ce, "Bai kai ba, ranka ya daɗe. Na wanke rufi ne." Da jin kalmar Kawu a bakinsa, wani a cikinmu ya fara dariya, dariyar ta koma kuka.

Mataimaki ya miƙe, taɓo a gwiwoyinsa, ya ce, "To jarrabawa tana nan ranar da aka sa. In an sake ruwa zan sake tonawa, kuma ba ni kaɗai ba, da shaidu daga cikinku." Ya dubi fartanyar, sannan ya ƙara da cewa, "Abin da na gaya wa marigayi a zauren can ban janye ba. Abin da ba a rubuta ba ba ya daɗewa. Za mu zauna da majalisa mu rubuta wannan yadda yake, mu ware makonnin da za a iya ɗagawa, mu kai wa masu dubawa. Ko su yarda ko su ƙi, ban sani ba. Da shi ya kamata mu yi wannan zaman." Ya karɓi rigarsa daga hannuna, bai saka ba, ya tafi mota da ita a kafaɗa.

Mun fara jarrabawa ranar da aka sa. Muna tsakiyarta aka yi ruwan da ba ya buƙatar gardama. Da safe muka tarar da mataimaki a bayan ofis ya riga ya naɗe hannu yana jiranmu. Laima ta wuce wuyan hannu. Ya buga waya Danja da Mahuta da wajen Malumfashi a gabanmu, sannan ya ce kowa ya tafi gona, a dawo in shuka ta fito. Wasu malamai sun yi gunaguni kamar yadda suka saba, shi kuma ya saurare su har ƙarshe, ya ce su kawo shi a rubuce ranar zaman majalisa.

Yanzu da nake wannan rubutu saura mini takarda ɗaya, masarata kuma ta fito layi-layi. Masu dubawa ba su zo ba tukuna, ba kuma wanda ya san abin da za su ce. Fartanya ta koma bayan ƙofa. Juma'ar da ta wuce Hajiya ta dama fura ta aika wa mataimaki har gida, ɗan aiken ya dawo da ƙwaryar ba komai a ciki.

Da na gama shuka na biya wajen mahaifiyata da ƙasa a ƙafafuna. Ta dubi ƙafafun, ta tambaye ni jarrabawa fa. Na ce an ɗaga, sai shuka ta fito. Ta ce, "Wa ya tona?" Na gaya mata. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka fita da wanta.

Allah ya gafarta wa Kawu taurin kansa da zafin bakinsa, ya saka masa da alheri a kan kowane magidanci da kowace mai goyo da ya buɗe wa ƙofa. Allah ya sa ruwan da ke sauka a kan kabarinsa bana ya zama rahama gare shi.